Hanyar Abuja zuwa Kano: daga biliyan 155 zuwa biliyan 797, ina kuɗin suka shiga?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na baro Abuja ƙarfe bakwai na safe ban shiga Kano ba sai da aka yi isha'i, kuma fiye da rabin lokacin nan tsakanin Zuba da Kaduna ya tafi, wajen Tafa kaɗai mun fi awa biyu a tsaye saboda an maida kowa hannu ɗaya ga tirela ta mutu a tsakiyar titi. Ina zaune a mota sai na shiga lissafi. An ba Julius Berger kwangilar hanyar nan a watan Disamban 2017 kan naira biliyan 155 da ɗoriya, aka ce wata 36 za a gama. A watan Maris na 2021 Majalisar Zartarwa ta maida kuɗin biliyan 797. Hanyar nan duka-duka kilomita 375 ce. Don Allah masu ilimin abin a gidan nan ku fahimtar da ni, ta yaya hanya ɗaya, kamfani ɗaya, kuɗi zai ninka sau biyar cikin shekara uku da 'yan watanni? Ba rigima na zo nema ba, abin ne ya tsaya min a rai.

Mai DAF:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da hanya. Kai jiya ka bi, mu kuma duk sati muna kai. Watan da ya wuce sifirin biyu na canza da taya ɗaya duk tsakanin Jere da Katari. Kaduna zuwa Kano kam Alhamdulillah tunda aka buɗe a 2023 mutum ya samu sa'ida, sai ɗan abin da ya rage ta wajen shiga Kano. Amma Abuja zuwa Kaduna sai dai addu'a.

Auwal Fagge:
Alhaji sata ce kawai ba wani dogon turanci. Aringizo ne da kashe-mu-raba.

Maman Ilham:
Ni fa na ɗauka tashin dala ne, tunda ance kwaltar ma daga waje ake shigo da ita, ga injina ga kayan gyaransu duk da dala ake saye.

Injiniya:
Hajiya dala tana da nata laifin amma ba a wannan ƙarin ba. A 2017 dala tana 305 a farashin gwamnati, lokacin da aka yi ƙarin a farkon 2021 tana wajen 380, kinga ko kashi 30 cikin ɗari bata ƙaru ba, shi kuwa kuɗin aikin sau biyar ya ninka. Abin da ya faru shi ne aikin ne kansa aka canza. Kwangilar farko ta gyara ce, a kankare saman da ya mutu a yi faci inda ya fashe a sake shimfiɗa kwalta. Ta biyu kuma sake gini ne gaba ɗaya, hannu biyun nan duka, tun daga ƙasa.

Bari na ɗan yi bayani don a gane bambancin. Baƙin nan da muke gani a sama shi ne mafi siranta a jikin titi. Ƙarƙashinsa akwai dakakken dutse, ƙarƙashin dutse akwai jan ƙasa da aka daddanne da rola, can ƙasa kuma ita ce asalin ƙasar wurin. In ruwa ya samu hanya ya shiga ƙasan nan ya jiƙa ta shikenan titi ya mutu daga ciki, ko kwalta nawa ka zuba a kai damina biyu ta isa ta tona asiri. Tagwayen hanyar nan tun zamanin Babangida aka yi su, sun sha lodin da ba a yi su dominsa ba, don haka ni a sana'ance ban yi mamakin cewa sai an tono har ƙasa ba. Kuma sake gini yana nufin ka fasa tsohon ka kwashe, ka kawo sabuwar ƙasa da dutse a tifa daga nesa, ka sake kwalbatoci da magudanan ruwa, ga motoci na bi ta gefenka kullum baka isa ka rufe hanyar ba.

Abin da ke damuna ni daban ne. Me ya sa ba a san haka ba tun 2017? Kafin a ba da kwangilar titi ya kamata a haƙa ramuka duk bayan 'yan mitoci a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji, a ƙirga motocin da ke bi da nauyinsu, a gama zane tsaf, sannan a kira kamfanoni su yi takara. In ka ba da aiki kan gyara sannan ka dawo ka ce gini ne, ka riga ka kashe takarar, don kamfani ɗaya ne a wurin da kayan aikinsa, da shi kaɗai za ka zauna ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auwal Fagge:
Toh Injiniya kenan kana nufin ba a ci ko sisi ba?

Injiniya:
Ƙanena ban faɗi haka ba. Ban ce an ci ba ban ce ba a ci ba, don ban ga takardar ƙididdigar aikin ba, kai ma baka gani ba, kuma nan ne matsalar take. Ɗauki kalkuleta. Biliyan 155 a raba wa kilomita 375 ya kama miliyan 413 kowace kilomita. Biliyan 797 ya kama sama da biliyan 2, a dalar lokacin sama da dala miliyan 5 kenan kowace kilomita. Wannan kuɗi ne mai kauri sosai a ƙasar da ba duwatsu za a huda ba ba teku za a cike ba. Amma kafin na kira shi sata sai na ga nawa aka rubuta kuɗin tan ɗaya na kwalta, nawa aka rubuta na ƙasa, daga nisan kilomita nawa aka ce za a ɗauko dutse. A irin waɗannan layukan ake ɓoye aringizo in akwai shi, ba a babban adadin da ake karantawa a labarai ba.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, Injiniya Allah ya ƙara basira. Ni shekara 33 na yi a aikin gwamnati mafi yawa a ɓangaren kasafi, bari na ƙara muku wani abu da ba a cika faɗa ba. Babbar cutar titunan ƙasar nan ita ce ana ba da kwangila ba tare da kuɗin a hannu ba. Majalisar Zartarwa ta amince da aiki ba yana nufin an ware kuɗinsa ba, izini ne kawai na a sa hannu. Sai a koma kasafin kuɗi, a ce wa ma'aikata ga iya abin da za ki samu bana, ki raba wa duk ayyukanki. Ministan ayyuka na yanzu David Umahi da bakinsa ya ce ya gaji ayyuka sama da 2,000 na kimanin tiriliyan 13. To ku ɗauka misali aikin biliyan 60 ne aka sa masa biliyan 2 a kasafi, a cikin biyun ma aka saki ɗaya, shekara nawa kenan? Ga 'yan majalisa kowa yana so a ga sunan garinsu a takarda, sai a yanki na babbar hanya a cusa ƙananan tituna da fitilun kan hanya.

Sannan ku duba lokaci. Kasafin 2017 sai a watan Yuni aka sa masa hannu, na 2018 ma Yuni. Kafin kuɗi ya fito damina ta kankama, kuma ba a aikin ƙasa cikin ruwa, shekarar ta tafi kenan. Ɗan kwangila ya yi aiki injiniyan gwamnati ya auna ya ba shi satifiket na a biya shi, satifiket ya kwanta wata shida wata goma, a yarjejeniya kuma akwai kuɗin ruwa kan jinkirin biya, akwai sharaɗin in siminti ko gas ko rodi ya tashi a ƙara masa. Saboda haka duk shekarar da aiki ya ƙara a kwance kuɗinsa ƙaruwa yake ko da ba wanda ya saci kwabo. In kuma akwai ɓarawo a ciki to jinkirin nan shi ne bargon da yake lulluɓa da shi.

Abban Sadiq:
Baba Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru. Amma ita wannan hanyar ai ance ba ta cikin wannan layin, asusu na musamman aka yi mata har da kuɗin Abacha da aka dawo da su. Ko ba haka bane?

Baba Mai Ritaya:
Haka ne ɗana. A 2018 aka kafa asusun shugaban ƙasa na manyan ayyuka, PIDF, aka damƙa shi hannun hukumar zuba jarin ƙasa NSIA da dala miliyan 650 na farawa. Manyan ayyukan da ya riƙe su ne wannan hanyar, da Legas zuwa Ibadan, da gadar Neja ta biyu a Onitsha. A 2020 aka dawo da dala miliyan 311 na Abacha daga tsibirin Jersey ta hannun Amurka da sharaɗin su ukun nan za a kashe wa. Toh amma yi lissafi, 311 sau 380 bai wuce biliyan 118 ba, ko an raba daidai kowanne biliyan 40 bai cika ba, a aikin da aka maida 797. Sunan kuɗin ne ya yi ƙara a kunne, amma a jikin aikin ɗan kaɗan ne. Dabarar asusun tana da kyau, gada dai an gama ta an buɗe a 2023. Sai dai an ɗinka rigar ne daidai aikin 155, da aikin ya kumbura rigar bata kumbura ba.

Mai Tifa:
Baba wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, jan ƙasa nake kaiwa da ɗan aikin kwalbati. Akwai wani titi a wata jiha da na yi wa wani kamfani aiki, tifa huɗu na sa biyu nawa biyu haya, na ci bashin banki na sayi gas na biya direbobi da lebura, muka gama namu cikin wata uku injiniya ya zo ya auna ya sa hannu. Wata goma sha huɗu ina sintiri. In naje ofis su nuna min nasu satifiket ɗin su ce kaga mu ma ba a biya mu ba, kuma na san ba ƙarya suke ba. Ranar da kuɗin ya fito banki ya riga ya cinye ribar, sai da na sayar da tifa ɗaya na rufe ragowar, direbanta da ya shekara tara a wurina na sallame shi yana hawaye nima ina yi. Tun daga ranar in za a tambaye ni farashi na aikin gwamnati sai na ɗora kuɗin jiran a kai, aikin naira ɗari sai na ce ɗari da hamsin. Ni ƙarami kenan, ina ga manya masu injina ɗari-ɗari a fili suna biyan masu gadi da ma'aikata ko ana aiki ko ba a yi. Gwamnati da kanta take sa a yi mata tsada.

Maman Ilham:
Allah sarki, Allah ya mayar maka da alheri Malam. Ni maganar Baba ta tuna min hanyarmu ta Kano zuwa Maiduguri. A 2006 Obasanjo ya ba da ita, aka yanka ta gida biyar aka ba kamfanoni biyar. Shekarar aka kawo ni Kano daga Potiskum ina amarya, ina kallon katafiloli ta tagar mota wajen Wudil ana cewa kwanan nan za a gama. Yarinyar da na haifa bayan nan yanzu tana jami'a. Wasu sassan kamar Shuwarin zuwa Azare da Azare zuwa Potiskum an gama an buɗe, amma sai da aka shekara goma sha biyar ana abu ɗaya, wani wurin kafin a gama gaba baya ya fara fashewa.

Malam Nafi'u:
Hajiya kuma in kin lura abin da ya taimaki waɗannan sassan shi ne Sukuk, wato kuɗin da gwamnati ke tarawa daga masu zuba jari bisa tsarin Musulunci, allunan suna nan a bakin hanya. Na farko a 2017 aka tara biliyan 100 aka raba wa hanyoyi 25, kowace shiyya ta samu biliyan 16.67. Aka sake biliyan 100 a 2018, 162 a 2020, 250 a 2021. Sirrinsa ba wani abu bane illa kuɗin a killace yake, ba a taɓa shi don albashi ko wata hidima, ɗan kwangila ya gama yanki a auna a biya shi. Shi ya sa da an ce kuɗin Sukuk ya fito za ka ga injina sun dawo bakin aiki. Ni a ganina da haka za a riƙa yi wa kowace babbar hanya.

Baba Mai Ritaya:
Malam na yarda da kai kan killacewar. Amma kar a manta bashi ne, na farkon nan kashi 16.47 cikin ɗari ake biyan masu shi duk shekara har shekara bakwai. Kuma raba biliyan 100 wa hanyoyi 25 shi ne dai cutar da nake faɗa, kowacce ta samu kimanin biliyan 4, an yi wa kowa ɗanɗano ba wanda ya ƙoshi. Da ni ne da hanya biyar zan zaɓa na gama su fes sannan na ɗauki wasu biyar. Sai dai duk ministan da ya yi haka gwamnoni da 'yan majalisar sauran jihohin ba za su bar shi ya yi barci ba.

Ɗan Kazaure:
Toh ya kuke ganin tsarin nan na kamfani ya yi titi a cire masa daga haraji? Mu dai ta nan BUA ce ta ɗauki Kano zuwa Kazaure zuwa Daura har Kwangwalam kan biliyan 116, Dangote ma ya yi Obajana zuwa Kabba da kankare.

Baba Mai Ritaya:
Doka ce ta shugaban ƙasa mai lamba 007 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, NNPC ma ta shiga da biliyan 621 na hanyoyi 21 a 2021. Yana da sauri don kuɗin baya bi ta baitulmali. Amma mutane su daina cewa kamfani ya taimaka mana, harajinmu ne da ya kamata ya shiga asusun tarayya a raba har da jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka shi ma dole a sa ido kan farashinsa, kuma a tambaya wa ya zaɓi hanyar, don kamfani hanyar da motocinsa ke bi zai fi so.

Auwal Fagge:
Duk naji. Amma ku gaya min, ana cewa babu kuɗi babu kuɗi tamu ta shekara bakwai tana jan ƙafa, sai gashi dare ɗaya an fara Legas zuwa Kalaba kilomita 700 ana maganar tiriliyan 15, an ba kamfanin Hitech ba tare da buɗaɗɗiyar takara ba. Yankin farko kilomita 47 kawai sama da tiriliyan ɗaya. Mu 'yan Arewa an raina mu ne kawai.

Basakkwace:
Auwal a yi adalci, mu ma an ƙaddamar da Sakkwato zuwa Badagry a Illela a watan Oktoban 2024, kilomita 1,068, hanyar da tun zamanin Shagari ake maganarta, kuma shi wannan kamfanin ne dai ke yankin Sakkwato da Kabi. Ni damuwata ba Kudu da Arewa bace, damuwata ita ce wadda Baba ya faɗa, an sake buɗe manyan ayyuka biyu ga tsofaffi dubu biyu a kwance. Ina tsoron kar tamu ta zama irin ta su Hajiya.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma don Allah a bar maganar ɓangaranci, a tsaya kan kuɗi da aiki.

Injiniya:
Auwal ka kawo misali mai kyau na abin da nake cewa. Atiku ya ce kilomita ɗaya ta kama biliyan 8, minista ya ce biliyan 4 ne, kai kuma in ka raba tiriliyan 1.06 wa kilomita 47 zaka samu sama da biliyan 22. Adadi uku a titi ɗaya. Dalili shi ne kalmar kilomita bata da ma'ana sai an faɗi layi nawa ne, faɗin nawa, gada nawa ce a ciki, fadama ce ko tudu, diyyar gidaje tana ciki ko bata ciki. Cike fadamar Lekki ta Legas da yashi ba ɗaya yake da shimfiɗa titi a Kwanar Dangora ba, wannan gaskiya ne. Amma tunda ba a yi buɗaɗɗiyar takara ba, ba wanda zai iya nuna maka cewa ga wani kamfani da ya ce zai yi a ƙasa da haka ko sama da haka. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 takara ta sa a gaba, sauran hanyoyin na lalura ne, mu kuma mun maida lalurar ita ce ƙa'ida.

Abban Sadiq:
Injiniya to ita tamu yanzu ina aka kwana? Naji an kori Berger.

Injiniya:
Eh Alhaji, a Nuwamban 2024 ma'aikata ta soke kwangilar. Gwamnati ta tsaya kan biliyan 740, kamfanin bai gamsu ba yana cewa kaya sun tashi, kuma a wannan karon maganar dala gaskiya ce Hajiya, don bayan an saki naira a Yunin 2023 dala ta haura 1,500, siminti da muke saye 2,500 a 2017 ya kai 10,000, gas ya wuce dubu lita. A farkon 2025 aka ba wani kamfani Infiouest kashin farko kan biliyan 252, kuma yanzu da kankare da rodi ake yi ba kwalta ba. Kunga da an gama a wata 36 ɗin farko da duk wannan tashin bai same mu ba.

Mai DAF:
Injiniya shi kankaren nan da gaske ya fi ƙarko? Mu dai muna jin yana cin taya kuma yana da zafi.

Injiniya:
In an yi shi daidai ya fi jure nauyi kuma simintin namu ne na gida, kwalta kuwa shigo da ita ake duk da muna da ita kwance a ƙasa a jihar Ondo. Amma in aka yi kuskure a haɗin ko ba a ba shi ruwa ya nuna ba ya tsage, gyaransa ya fi na kwalta wuya nesa ba kusa ba. Kuma tunda ka tambaya direba bari na faɗa maka wata gaskiya kar ka ji haushi. Tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 aka gano in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa titi ba sau biyu take ƙaruwa ba, kusan sau 16 ne. Tirela ɗaya mai obalodi tafi dubban ƙananan motoci cin titi. Ko da zinare aka shimfiɗa in babu sikeli a hanya ba zai kai shekarun da aka yi masa alkawari ba.

Mai DAF:
Ban ji haushi ba yallaɓai gaskiya ka faɗa. Amma ka sani ba direba ke yanke lodi ba. Motar da ya kamata ta ɗau buhu 600 na siminti tan 30 kenan, sai a ɗora mata 900, in ka ce a'a akwai direba goma a bakin get suna jiran makullin. Mai mota shi ma lissafin gas yake, ga kuɗin da muke zubarwa a shingaye tun daga Legas har Kano, kowane ƙauye da mai sanda da rasit ɗinsa. Ni na fi kowa son a sa sikeli, don motar da ta yi nauyi ita ke ƙin tsayawa in ka taka birki a gangara, abokaina nawa na binne. Amma a sa wa kowa, har motocin manyan kamfanoni, ba a tare ɗan mai mota ɗaya a bar na masu ƙasa su wuce ba. Kuma da jirgin ƙasa na ɗaukar siminti da mai da rabinmu bama kan titin nan.

Malam Nafi'u:
Toh in an gama za ku yarda a sa tolget? Obasanjo ya rushe su a ƙarshen 2003, yanzu kuma an dawo da su a hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Makurdi tun Fabrairun 2025, ƙaramar mota 500 babba 1,600 a kowane get, da shi ake biyan bashin bankin China na dala miliyan 460 da aka yi hanyar da shi.

Mai DAF:
Malam taya ɗaya ta tirela yanzu ta fi kuɗin tolget na shekara. Zan biya da hannu biyu in titi lafiyayye ne kuma aka kwashe sauran masu karɓar na gefen hanya. Abin da ba zan yarda ba a karɓa a get a sake karɓa a daji ga rami yana nan.

Baba Mai Ritaya:
Kuma a tambayi inda kuɗin zai kwana. An kafa FERMA a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, a 2007 aka gyara dokarta aka ce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da gas a ware don gyaran tituna, aka shekara da shekaru ba a aiwatar ba. Hanyoyin tarayya wajen kilomita 35,000 ne. Ramin da za a toshe da kuɗi kaɗan bana shi ne ake barinsa sai ya zama kwangilar biliyoyi, don faci ba a yanka masa kintinkiri ba a kiran 'yan jarida.

Auwal Fagge:
Toh Baba mu yanzu me za mu iya yi banda surutu a waya?

Baba Mai Ritaya:
Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ɗana, kowane ɗan ƙasa yana da ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda, kuma kwana bakwai doka ta basu su amsa. Ba lallai su amsa da wuri ba amma in sun ƙi akwai kotu, kuma takardar da aka buga wa hatimin karɓa ba ta ɓacewa kamar magana.

Abban Sadiq:
To ni na ɗau nauyin kai ta da hannuna, ina da komawa Abuja ranar Talata kuma Mabushi inda ma'aikatar ayyuka take ba nisa daga inda nake sauka. Injiniya don Allah rubuto mana ainihin abubuwan da za a nema kar mu je mu nemi abin da ba shi bane.

Injiniya:
Ku nemi takardar ƙididdigar aiki da farashi ta 2017 da ta 2021 da ta sabon kamfanin, da rahoton gwajin ƙasa da aka dogara da shi aka canza aikin, da takardar amincewar hukumar tantance kwangiloli BPP kan ƙarin, sannan jimillar abin da aka biya zuwa ranar da aka soke kwangilar da kilomita nawa aka karɓa a hannu. In sun fito ku turo min, zan zauna da abokan aikina biyu mu bi su layi-layi mu kawo muku nan da Hausa.

Maman Ilham:
A sa sunana a masu sa hannu. Kuma don Allah in ta yiwu a yi ta biyu kan Kano zuwa Maiduguri.

Baba Mai Ritaya:
Zan rubuta daftarin yau da daddare in Allah ya kai mu. Alhaji ka buga kwafi biyu, ɗaya ka bar musu ɗaya su buga maka hatimi da kwanan wata ka dawo da ita.

Mai DAF:
Alhaji in Talata zaka taso ka fito da asuba ka wuce Kaduna kafin tara, bayan nan tankokin mai sun fara fitowa daga Tafa. Ni ina lodi a Dawanau gobe, duk abin da na gani a hanya zan sanar a nan.